Ganga, Bel ko Hasumiya: Zaɓen Hanyar Daskarar da Narkakken Sinadari

Da yawa daga cikin sinadaran da ake sayarwa a buhu, ruwa ne mai zafi a lokacin da suka fito daga tukunyar haɗi. Kakin farafin, farar wuta, yuriya, asid ɗin sitiyarik, ƙaron da ake sa wa fenti da tawada, gam mai narkewa da zafi, da sinadaran da ke hana tayar mota saurin tsufa, dukkansu a narke ake gama su, kuma dole ne a mayar da su busassun gutsattsari waɗanda za a iya aunawa, a ɗura a buhu, a yi jigilarsu, mai saye kuma ya sake narkar da su ba tare da wahala ba. Wannan mataki shi ne na ƙarshe a masana'anta, kuma sau da yawa shi ake bari sai an gama tsara komai sannan a waiwaye shi, alhali kuwa shi kaɗai ne aikin da mai saye yake gani da idonsa idan ya buɗe buhu. Manyan hanyoyin da ake zaɓa a tsakaninsu su ne ganga mai sanyaya (wato silindan ƙarfe mai juyawa), bel na ƙarfe, da hasumiyar da ake yayyafo ɗigo daga samanta, sai kuma wasu hanyoyi da suka dace da kayayyaki na daban.

Abin da ya sa wannan zaɓi ya ƙara nauyi shi ne bunƙasar masana'antar sinadarai na musamman. Mai yin taki ko soda yana sayar da abu ɗaya ne da yawan gaske, kuma farashi shi ne kusan dukkan abin da ake kallo. Mai yin sinadari na musamman kuwa yana sayar da aikin da sinadarin zai yi a masana'antar wani, kuma yakan kasance yana da kayayyaki goma ko ashirin da yake yi bi da bi a kan na'urori guda. Masu sayensa sun koma amfani da injinan da ke auna kaya su zuba da kansu, kuma irin waɗannan injina ba sa jure kayan da ke cuɗewa ko ya toshe mazurari. Dokokin kare lafiyar ma'aikata ma sun tsananta, musamman tun da dokar REACH ta Tarayyar Turai ta fara aiki a 2007, ta yadda ƙurar da a da ake ɗauka a matsayin abin da ba makawa ta zama abin da ake tambaya a kansa kafin a sa hannu a kwangila. Tsohuwar hanyar zuba narkakken abu a faranti ko a duro a bar shi ya kwana, sannan a farfasa shi, tana nan a ƙananan wurare, amma ba ta iya amsa waɗannan buƙatu.

Kafin a kwatanta na'urori, akwai lissafi guda da ya hau kansu duka, wato yawan zafin da za a cire da kuma saurin da zai iya fita. Ana cire zafi sau uku: a sauko da ruwan zuwa ma'aunin daskarewarsa, a cire ɓoyayyen zafin da yake saki yayin da yake komawa sandararre, sannan a ƙara sanyaya shi har ya kai inda ba zai manne a buhu ba. Na tsakiyar shi ne ya fi bambanta daga sinadari zuwa sinadari. Farar wuta tana sakin kimanin kilojul 54 a kowane kilo, kakin farafin kuwa kimanin 200, don haka tan ɗaya a awa na farar wuta yana buƙatar a janye kusan kilowat 15 a wannan mataki, kaki kuma kusan 56. Na'urar da ta wadatar ga ɗaya za ta yi wa ɗayan kaɗan matuƙa, ko da nauyin kayan daidai yake.

Saurin fitar zafin ya ma fi wannan muhimmanci. Yawancin sinadaran nan ba sa barin zafi ya ratsa su da sauƙi, kuma ɓangaren da ya fara daskarewa a jikin ƙarfe mai sanyi yakan zama shamaki tsakanin ƙarfen da sauran ruwan da ke samansa. Sakamakon haka, idan aka ninka kaurin shimfiɗar sau biyu, lokacin daskarewa yakan ninku kusan sau huɗu. Wannan ƙa'ida ita ce ke bayyana kusan dukkan bambancin da ke tsakanin na'urorin: ganga tana da sauri ne domin shimfiɗarta siririya ce, bel yana da tsawo ne domin ya ba abu mai kauri lokaci, hasumiya kuma tana da tsayi ne domin iska ba ta ɗauke zafi kamar yadda ƙarfe mai ruwa a bayansa yake yi.

Ganga ita ce mafi sauƙin fahimta. Babban silinda ne na ƙarfe da ke juyawa a hankali, ana fesa ruwan sanyi a cikinsa, ƙasansa kuma yana nutse kaɗan a cikin kaskon narkakken sinadari, ko kuma wani ƙaramin silinda yana shafa masa shi. Siririyar shimfiɗa tana mannewa a jikinsa, ta daskare kafin ya gama zagaye ɗaya, sai wata doguwar wuƙa da ke jingine da shi ta kankare ta, ta zubo falle-falle. Ƙarfin ganga yana cikin ƙanƙantarta. Tana cin wuri kaɗan, kuɗin sayenta ya fi na sauran sauƙi, kuma saboda ba ta da tsawo ana iya rufe ta ruf a cikin akwatin ƙarfe a cika shi da iskar naitirojin. Wannan ne dalilin da ya sa har yau ita ake yawan amfani da ita ga kayan da tururinsu ke da illa ko yake komawa ƙanƙara a jikin bango, irin su naftalin da ke narkewa a digiri 80 na Salshiyas da fitalik anhaidiraid da ke narkewa a 131, da kuma kayan da ke zuƙar laima daga iska nan take, irin su soda mai ƙuna wadda ba ta narkewa sai an haura digiri 300.

Rauninta kuma daga wuƙar yake fitowa. Abin da aka kankare da ƙarfi dole ya karye yadda ya ga dama, saboda haka fallayen ba su da girma ɗaya, gefunansu masu kaifi ne, kuma tun daga bakin wuƙar ake samun gari a cikinsu. Duk lokacin da aka motsa buhu gefunan suna ƙara gugar juna, garin yana ƙaruwa. Fallaye suna kuma sarƙewa da juna a cikin rumbun ajiya su yi gada a kan mafita, sai a ga rumbu cike amma babu abin da ke zubowa. Ban da haka, lokacin da ganga ke bayarwa gajere ne, zagaye ɗaya kawai, don haka sinadarin da ke jinkirin daskarewa zai iso wuƙa yana da laushi, ya naɗe a jikinta maimakon ya karye. Ana iya rage gudun gangar, amma da zarar an yi haka yawan abin da take fitarwa ya faɗi. Akwai kuma kaskon da take nutso a ciki, inda sinadari ke zama da zafi na tsawon lokaci, wanda hakan kan sauya launin kayan da ba sa jure zafi.

Bel na ƙarfe ya zo ne da wata dabara, wato a raba wurin zuba sinadari da wurin cire shi da tazara mai tsawo. Siririn bel ne na ƙarfe marar tsatsa, kaurinsa kimanin milimita ɗaya, yana tafiya tsakanin manyan silinda biyu, ana fesa masa ruwan sanyi daga ƙasa yayin da sinadarin ke kwance a samansa. Ruwan ba ya taɓa sinadarin, sinadarin ma ba ya gurɓata ruwan, saboda haka ana iya sake sanyaya ruwan a maimaita amfani da shi. Kamfanin Sandvik na ƙasar Suwidin ne ya fara ƙera irin wannan bel tun farkon ƙarni na 20, kuma sashensa da ke wannan aiki ya koma hannun wasu masu shi a 2017, inda yanzu ake kiransa IPCO. Kamfanin Berndorf na Ostiriya ma yana cikin sanannun masu ƙera shi. Ana iya zuba sinadari a kan bel a matsayin shimfiɗa ɗaya a karya ta a ƙarshe, kuma idan abu ne mai lanƙwashewa ya ɗago daga ƙarfe yayin da yake sanyi, akan ɗora masa bel na biyu daga sama a matse shi tsakaninsu. Amma abin da ya ɗaukaka wannan hanya a masana'antar sinadarai na musamman shi ne ɗiga sinadarin ɗigo-ɗigo, wanda ke ba da ƙwayoyin da ake kira fastil.

Duk wanda ya taɓa ganin ɗigon kyandir ya faɗa a kan ƙarfe mai sanyi ya ga fastil: ƙasansa shafaffe, samansa a kumbure kamar rabin ƙwallo. Na'urar da ta fi shahara wajen yin sa ita ce Rotoform, wadda ta fito a farkon shekarun 1980. Tana da sanda ta ciki da ba ta motsi, wadda ake ɗumamawa kuma narkakken sinadari ke bi ta cikinta, sai wani bututu mai dubban ƙananan huji da ke juyawa a kewayenta. Duk lokacin da jerin huji ya zo daidai da mafitar sandar, sai jerin ɗigo ya sauka a kan bel daga wannan gefe zuwa wancan. Idan mutum ya tsaya a gefen na'urar zai ga ɗigon suna sauka masu sheƙi, suna tafiya a jere, sannan a hankali sheƙin ya dushe daga ƙasa zuwa sama yayin da suke daskarewa, har su iso ƙarshen bel inda lanƙwasar ƙarfen a kan silinda kan sa yawancinsu su ɓalle da kansu. Gwanin ma'aikaci yana karanta lafiyar aikin daga siffar ƙwayoyin. Idan gudun bututun bai yi daidai da na bel ba, sukan fito da tsawo maimakon zagaye. Idan sinadarin ya yi sanyi fiye da kima sukan ja wutsiya ko zare, idan kuma ya yi zafi sukan baje su haɗe da juna.

A ganina wannan hanya ce ta fi dacewa da yanayin mai yin sinadarai na musamman, kuma dalilin ba kyawun ƙwayar kaɗai ba ne. Kowace ƙwaya an yi ta ne a girman da ake so tun farko, babu karyawa, babu niƙa, babu tankaɗe, shi ya sa ƙura ba ta da yawa kuma kayan suna zuba sumul. Na'urar tana karɓar ruwa tsararo, tana kuma karɓar mai kauri da danƙo sosai. Ana iya raba ƙasan bel gida-gida, a sa ruwa mai ɗumi a farko da mai sanyi a ƙarshe, domin sinadarin da ba ya son a girgiza shi da sanyi farat ɗaya. Idan za a sauya kaya kuma, abin da ke buƙatar wanki shi ne bututun kawo sinadari da kan na'urar ɗiga da fuskar bel, dukkansu a fili suke kuma hannu yana isa gare su. Ga masana'antar da ke sauya kaya sau da yawa a mako, wannan na ƙarshe yakan fi kowane abu tasiri a kan riba.

Sai dai bel yana da nasa nauyin. Yana buƙatar dogon ɗaki, kuma saboda ɗigo ba sa rufe dukkan fuskar ƙarfen, abin da kowace mita ke fitarwa bai kai na cikakkiyar shimfiɗa ba. Idan ana son ƙarin kaya da yawa, sai dai a jera na'urori da dama gefe da gefe, wanda ke nufin kuɗin yana ƙaruwa kusan daidai da yawan kayan, babu rangwamen da girma kan kawo. Bel ɗin kansa abu ne mai tsada da ke son kulawa: dole ya riƙa tafiya a tsakiya ba tare da gugar gefe ba, kuma ruwan sanyaya mai gishirin kuloraid yana iya tsattsaga ƙarfe marar tsatsa a hankali. Akwai wani tarko da ake yawan faɗawa, wato a sanyaya ruwan fiye da kima domin neman sauri, sai raɓa ta kwanta a fuskar bel a ranar da iska ke da laima, ta jiƙa kayan da aka yi alkawarin busassu ne. Rufe dogon bel domin hana iska shiga yana yiwuwa, amma ya fi rufe ganga wuya da tsada. Kuma fastil ba cikakken ƙwallo ba ne, gefensa inda shafaffen ƙasa ya haɗu da kumburin sama yana iya ɓantarewa idan kayan masu gautsi ne.

Hasumiya tsohuwar dabara ce fiye da sauran. A 1782 William Watts na birnin Biristol a Ingila ya yi rajistar hanyar yin harsashin dalma ta hanyar zubo narkakkiyar dalma daga wuri mai tsayi, ta dunƙule a iska kafin ta faɗa ruwa. Hasumiyar sinadarai ta yau a kan wannan tushe take, sai dai iska ce kaɗai ke sanyaya ɗigon. Ana fitar da narkakken abu ta faranti mai huji ko ta bokiti mai juyawa a ƙololuwa, siririn ruwan ya tsinke ya zama ɗigo, su faɗo ta cikin iskar da ke hawa sama, su iso ƙasa a daskare. Ƙwayoyin, waɗanda ake kira firil, zagayayyu ne, galibi milimita ɗaya zuwa biyu, suna zuba kamar ruwa kuma suna narkewa da sauri a wurin mai saye. Babu wuƙa, babu bel, kayan motsi kaɗan ne, kuma hasumiya ɗaya tana iya ɗaukar dubban tan a rana, shi ya sa ta daɗe tana mulkin masana'antar yuriya da amoniyam naitiret, kuma da ita ake yin yawancin bisfinol A, sinadarin da ake haɗa robobi da shi.

Iyakokinta suna da tsauri. Ɗigo yana da 'yan daƙiƙu ne kawai a iska, saboda haka dole sinadarin ya zama tsararo domin ya tsinke da kyau, ya kuma zama mai daskarewa nan take. Girman ƙwaya yana ɗaure da tsayin gini: babban ɗigo yana faɗuwa da sauri kuma yana jinkirin sanyi, don haka ƙara girmansa kaɗan yana buƙatar ƙarin tsayi mai yawa, alhali hasumiyar taki ta riga ta kai mita gommai. Sinadarin da ke narkewa a ƙananan digiri yana wahala a lokacin zafi, domin tazarar da ke tsakanin zafinsa da na iskar ba ta da yawa. Iskar da ke fita daga sama tana da yawan gaske kuma tana ɗauke da ƙura mai laushi, wadda tace ta ke da tsada. Ana magance wannan, tare da haɗarin gobara, ta hanyar rufe hasumiyar a riƙa zagaya naitirojin a cikinta, amma hakan ƙarin jari ne. Wanke hasumiya domin sauya kaya kuwa aiki ne da babu mai son maimaita shi a kai a kai. Gini ne da ake yi domin abu ɗaya, na shekaru masu yawa.

Labarin yuriya yana nuna yadda buƙatar mai saye ke juya zaɓi. Yuriya tana narkewa a kusan digiri 133, kuma hasumiya tana buƙatar a ƙafe ruwan da ke cikinta har ta zama yuriya zalla kusan kashi 99.7 cikin ɗari, wanda tsawon zamanta da zafi ke haifar da bayuret, sinadarin da ke cutar da wasu amfanin gona. Manoma masu baza taki da inji kuma suna son ƙwaya babba mai ƙarfi, saboda haka yawancin sababbin manyan masana'antu suka koma hanya ta huɗu, inda ake fesa narkakkiyar yuriya a kan ƙananan ƙwayoyi da iska ke ɗaga su tana jujjuya su a cikin akwati, suna girma shafi bisa shafi har su kai milimita 2 zuwa 4. Wannan hanya tana ba da ƙwaya mafi ƙarfi, amma tana buƙatar tankaɗe, da niƙa waɗanda suka yi girma, da mayar da ƙanana, da na'urar wanke iska, kuma galibi ana ƙara ɗan fomaldihaid. Wannan ƙari bai dace da yuriyar da ake narkawa a ruwa kashi 32.5 domin tsabtace hayaƙin motocin dizal ba, wadda ƙa'idar ISO 22241 ta ƙayyade tsarkinta, don haka mai neman wannan kasuwa yakan waiwayi firil marar ƙari ko fastil. Sinadari ɗaya ne, amma hanyoyi uku duk suna da gurbinsu gwargwadon wanda zai saya.

Sauran hanyoyi biyu ba sa buƙatar dogon bayani. Yankan ƙwaya a ƙarƙashin ruwa ya dace da robobi da gam masu kauri da danƙo waɗanda ruwa ba ya ɓata su, kuma dole a busar da su daga baya. Fesawa a cikin ɗaki mai iska mai sanyi kuma ita ce hanyar wanda ke son gari mai zagayayyun ƙwayoyi ƙasa da milimita ɗaya, kamar kakin da ake amfani da shi a haɗa magunguna.

Abin da ya fi ruguza tsari, kuma takardar bayanan sinadari ba ta cika nuna shi ba, shi ne halin da ake kira wuce sanyi. Wasu sinadarai sukan sauka ƙasa da ma'aunin daskarewarsu su ci gaba da zama ruwa mai danƙo na mintuna ko sa'o'i, domin ƙwayoyin farko na ƙanƙararsu ba su samu ba. Wasu daga cikin sinadaran hana roba tsufa suna da wannan hali. Irin wannan abu zai iso ƙasan hasumiya a narke, zai kuma naɗe a wuƙar ganga, kuma ƙara sanyin ruwa yakan ƙara dagula shi ne, domin sanyi mai yawa yana ƙara masa kauri ya hana ƙwayoyinsa jeruwa. Maganinsa shi ne a sa wata na'ura kafin wurin ɗiga wadda za ta haifar da ƙananan ƙwayoyi a cikin ruwan su zama iri, sannan a ba shi lokaci a kan bel mai ɗumi-ɗumi. A nan bel ba shi da abokin takara na gaske. Akwai kuma sinadaran da ke daskarewa cikin siffa fiye da ɗaya, waɗanda idan aka sanyaya su da gaggawa sukan ɗauki siffar da ba ta dawwama, sannan su sauya a cikin buhu bayan kwanaki, su saki zafi, su dunƙule su zama dutse ɗaya. Ƙaro kuwa ba ya yin ƙanƙara sam, yana taurara ne a hankali kamar gilashi, don haka abin lura a wurinsa shi ne ya sauka sosai ƙasa da ma'aunin da yake fara laushi kafin a ɗura shi.

Farar wuta misali ce ta yadda kauri ke iya yaudara. Tana narkewa a tsakanin digiri 115 da 119, tana zama tsararo idan aka ƙara zafi kaɗan, amma da ta haura 159 sai kaurinta ya ninku dubban sau, ta ƙi motsi a bututu. Saboda haka ake riƙe ta a tsakanin kimanin 125 da 145, kuma kowace na'ura aka zaɓa dole bututunta da famfonta su iya tsare wannan iyaka. Yawan farar wutar da ake cirewa daga mai da iskar gas ya ƙaru yayin da dokokin tsabtace mai suka tsananta, ciki har da dokar Hukumar Sufurin Ruwa ta Duniya da ta rage iyakar farar wuta a man jiragen ruwa daga kashi 3.5 zuwa 0.5 daga 1 ga Janairun 2020. A da ana zuba ta shimfiɗa ɗaya a farfasa, amma ƙurar da hakan ke tayarwa a tashoshin jiragen ruwa ta sa masana'antar Kanada ta kafa ƙa'idojin SUDIC, cibiyar bunƙasa harkar farar wuta ta ƙasar, na gwada yawan gari da juriyar ƙwaya, kuma fastil da ƙwayar da ake ginawa shafi bisa shafi su ne suka gaji wurin.

Batun ƙura ya wuce tsabta. Garin farar wuta, na ƙaro, na kaki da na yawancin sinadarai masu kabon yana iya fashewa idan ya tashi a iska ya haɗu da tartsatsi, kuma na farar wuta yana cikin masu saurin kamawa. Fashewar ƙurar sukari da ta kashe mutum 14 a wata matata a Port Wentworth ta jihar Jojiya a Amurka a 2008 ta nuna abin da garin da ya taru a kan katako da bututu ke iya yi. Saboda haka idan ana kwatanta farashin ganga da na bel, adalci shi ne a haɗa da kuɗin na'urar zuƙe ƙura, da kayan lantarki masu kariya, da hanyar sakin ƙarfin fashewa, da kuma kayan da ake asara a matsayin gari. Sau da yawa ratar da ke tsakanin farashin biyu takan ragu sosai idan aka yi wannan lissafi.

Idan aka haɗa waɗannan duka, zaɓin yakan fito fili. Wanda ke da kaya ɗaya, tsararo, mai saurin daskarewa, mai yawan gaske, kuma yana da tabbacin kasuwarsa na shekaru, hasumiya ce za ta ba shi mafi ƙarancin kuɗi a kowane tan, sai dai idan masu sayensa na buƙatar babbar ƙwaya mai ƙarfi, a nan ya duba hanyar ginawa shafi bisa shafi. Wanda kayansa ke da tururi mai guba, ko iska ke ɓata su, ko wurinsa ya yi ƙunci, kuma mai sayensa zai juye buhun ne kai tsaye a tukunyar narkarwa, bai kamata ya ji kunyar zaɓen ganga ba, domin biyan kuɗin kyakkyawar ƙwayar da babu mai buƙatarta ɓarna ce. Wanda kuma ke da kayayyaki da dama masu halaye daban-daban, a matsakaicin yawa, yana kuma sa ran ƙaro sababbi da bai san halinsu ba tukuna, bel mai ɗiga fastil shi ne zai ba shi sararin motsi, kuma yawancin masu yin sinadarai na musamman a wannan rukuni suke.

Ko wace hanya aka karkata gare ta, bai dace a sa hannu a takardar saye ba sai an gwada ainihin sinadarin a ƙaramar na'urar masu ƙerawa, kuma manyansu suna da cibiyoyin gwaji domin haka. Samfurin da za a kai ya zama daga abin da masana'anta ke fitarwa yau da kullum, tare da 'yan gurɓatattun abubuwan da ke cikinsa, domin ɗan gurɓataccen abu kaɗan yana iya sauya saurin daskarewa ƙwarai, kuma samfurin ɗakin bincike mai tsarki zai ba da sakamakon da ba za a sake gani ba. A yi gwajin da ruwan sanyaya mai zafin da za a samu a watan da ya fi kowane zafi a wurin da za a kafa na'urar. A auna zafin tsakiyar ƙwaya a wurin fita, domin bayanta kan yi sanyi alhali cikinta bai gama daskarewa ba. Sannan a ɗura kayan a buhu, a jera buhuna a kansa yadda za a yi a sito, a bar shi makonni a wuri mai ɗumi, a buɗe na ƙasan a ga ko yana zuba ko ya dunƙule, a tankaɗe shi a auna garin da ya fita, a kuma aika wani kaso ga mai saye ya gwada a injinsa na aunawa kafin a yanke girman na'urar da za a yi oda.